Al'ajabin Gilashi Da Ranar Zariya

Tsarki ya tabbata ga Allah, Mahaliccin rana da inuwa, wanda Ya ɓoye manyan abubuwan mamaki a cikin abin da muke takawa kullum ba tare da mun ko dube shi ba. Mu ɗauki yashi. Tifofi na ɗebo shi suna juyewa a ƙofar masu gini a Hayin Dogo da Muciya da Palladan, yara su hau kansa suna wasa, awaki su kwanta a gefensa. In ka cika tafin hannunka da shi ka kara a ido, ba abin da za ka gani sai duhu. To amma yashin nan, in aka samu fari tas mai tsabta, aka gauraya shi da gishirin soda da farar ƙasa, aka zuba a tanderun da zafinsa ya kai digiri 1,500, sai ya narke ya zama ruwa mai yauƙi. Da ya huce sai ga wani abu mai tauri, iska ba ta wuce shi, ruwa ba ya ratsa shi, sauro ba ya samun ƙofa a jikinsa, amma ido yana bi ta cikinsa ya hango mai tafiya a ƙetaren titi. Kusan kashi 70 cikin 100 na kowace tagar gilashi da ka sani yashi ne.

Gishirin sodan ma ba baƙo ba ne a wurinmu, ɗan'uwan kanwa ne. Mutanen Masar na dā, da Rumawa a bayansu, da kanwar da suke haƙowa a kwarin Wadi Natrun suke narka yashinsu, domin ita ce ke rage zafin da yashi ke nema kafin ya sallama. Abin da uwargida ke jefawa a tukunyar wake don ya yi laushi, danginsa ne ke tausasa yashi a cikin wuta.

To me ya sa yashi ke toshe gani, gilashi kuwa ya buɗe shi, alhali asalinsu ɗaya? Kowace ƙwayar farin yashi, in aka ƙara mata girma a na'ura, garau take. Abin da ke hana gani shi ne yawan gefuna. Haske ya faɗa wa wannan ƙwaya ya karkace, ya faɗa wa waccan ya sake karkacewa, har ya watse ya rasa hanya. Wuta ce ke shafe gefunan, ta mai da ƙwayoyin jiki guda. Sannan Allah Ya tsara wannan jiki yadda ba ya haɗiye launukan da idon ɗan Adam ke gani. Suna shiga ta nan su fita ta can, kusan kashi 90 cikin 100. In ka dubi bakin gilashin da aka yanka za ka ga kore-kore, wannan ɗan burbushin ƙarfe ne da ya yi saura a cikin yashin.

Alƙur'ani mai girma ya ambaci gilashi a Suratun Nur, inda aka buga misali da fitila a cikinsa, ya kuma ba da labari a Suratun Namli na sarauniyar Saba da ta shiga fadar Annabi Sulaiman, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ta zaci daɓen ruwa ne, ashe gilashi ne. Mu ma nan ƙasar ba jiya muka san shi ba. A Igbo Olokun da ke Ile-Ife an tono shaidar cewa tun ƙarni na 11 ana narka gilashi ana yin duwatsun ado da shi, Masaga na Bida kuwa har gobe suna yin awarwaro da tsakiya. Amma faffaɗan gilashin taga mai santsi, wanda ya cika duniya yanzu, sabon abu ne. A 1959 kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana dabarar da Alastair Pilkington ya ƙirƙiro: a kwararo narkakken gilashi a kan tafkin narkakken kuza, ya yi iyo a kai ya shimfiɗu da kansa, ya fito sumul ba sai an goge shi ba. Irin kuzan da ake haƙa a ƙasar Jos, shi ne gadon da gilashin duniya ke kwanciya a kai kafin ya daskare. Daga nan gilashi ya yi araha, masu gini suka fara yin bango sukutum da shi.

Wanda ke son ganin ƙarshen wannan doguwar tafiya, ya shiga Sabon Gari ya tsaya a shagon masu aikin almuniyam. Za a jawo fallen gilashi daga jingina, mutum biyu su ɗauko shi a tsaye, su kwantar a kan tebur da aka shimfiɗa wa tsohon kafet. Mai yanka ya ja tef ya auna, ya ɗiga alama, ya aza doguwar rula, ya tsoma bakin abin yankansa a kananzir. Sau ɗaya tak yake ja, ka ji wata siririyar ƙara, ka ga farin layi ya bayyana. Bai yanke ba tukuna, rauni kawai ya yi masa. Sai ya jawo layin zuwa bakin tebur, ya dafe da hannu ɗaya ya danna da ɗayan, ka ji ƙas, gilashi ya rabu biyu daidai kan layin. Yaran shago na gefe suna zura roba a cikin firam. Tambayar da mai saye ke yi ba ta wuce uku: fari ko shuɗi, mai kauri nawa, nawa ne kuɗinsa. Akwai ta huɗu da ta fi su duka nauyi, kusan ba mai yin ta, kuma ita ce dalilin wannan rubutu: zafin rana nawa ne zai wuce ta cikinsa?

Hasken da ke faɗa wa tagarka ya baro rana minti 8 da daƙiƙa 20 da suka wuce, ya keto nisan kilomita miliyan 150. Amma ba shi kaɗai ya zo ba, yana da abokin tafiya da ido ba ya gani. A shekarar 1800 wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rabu zuwa launukan bakan gizo a kan tebur. Ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan launukan ɗaya bayan ɗaya. Da ya matsar da shi gaba da ja, inda babu launin komai, sai ya ga ma'aunin ya hau fiye da ko'ina. Ashe akwai wani haske a wurin wanda fata ke ji, ido bai san da shi ba. Yau an san cewa kusan rabin ƙarfin da rana ke aiko mana yana cikin wannan ɓoyayyen haske ne. Ba ya taimaka maka ka karanta ko harafi ɗaya, aikinsa ɗumamawa kawai. Subhanallahi, rabin abin da ke sauka a kanmu kowace rana ba mu taɓa ganinsa ba.

Farin gilashi ba ya bambanta su, duka biyun yake buɗe wa ƙofa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na zafin ranar da ya same shi yana shigewa ɗaki. Da ya shiga sai daɓe da tebur da kujera su sha shi su ɗumama, su ma su fara fitar da nasu zafin. Amma zafin da kayan ɗaki ke fitarwa wani iri ne dabam, kuma gilashin da ya bar na rana ya wuce ba ya barin wannan ya ratsa shi kai tsaye. Iskar da ta yi zafi kuma ba ta da mafita in taga na rufe. Duk wanda ya ajiye mota a rana a bakin kasuwar Samaru ya dawo ya kasa riƙe sitiyari, ya ga wannan aiki da idonsa.

Abin da zai sa mai hankali ya yi shiru ya jinjina shi ne, sararin da ke kanmu ma haka yake aiki, sai dai shi da ma'auni aka yi shi. Yana barin hasken rana ya sauko, yana tare mafi cutarwa daga cikinsa tun a can sama, sannan tururin ruwa da wasu iskoki su riƙe wani ɓangare na zafin ƙasa kada ya tsere gaba ɗaya. Masana sun ƙididdige cewa ba don wannan riƙon ba, da matsakaicin zafin duniya ya sauka zuwa digiri 18 ƙasa da sifili, maimakon kusan 15 da muke rayuwa a ciki. Da an ƙara riƙon da yawa da mun gasu, da an rage da mun daskare. Mu da ke Zariya muna ɗanɗana wannan a lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe ba tururi a cikinta: rana ta yi zafi, amma da asuba mai gadi a Samaru sai ya hura wuta, domin zafin jiya duk ya gudu sama cikin dare.

Yanzu mu dubi tafiyar rana a kan garinmu, domin a nan ne rahamar take, a nan ne kuma muke yin sakaci. Zariya na kan layi na 11 arewa da tsakiyar duniya. Sau biyu a shekara, wajen 19 ga Afrilu da wajen 24 ga Agusta, rana na tsayawa daidai tsakar ka, sandan da aka kafa a miƙe ya rasa inuwa da tsakar rana. Tsakanin waɗannan ranaku biyu tana ɗan bi ta arewa, sauran shekara ta karkata kudu. Ko a Disamba da ta fi karkata, tsayinta da tsakar rana yana kai digiri 55. Malamanmu na dā da suke auna zawali da inuwa sun san wannan sarai. Ma'anarsa ga mai gini ita ce, bangon kudu da na arewa suna da sauƙin karewa. Rumfar kankare da ba ta kai mita ɗaya ba ta isa ta rufe taga madaidaiciya da tsakar rana, ko a Disamba. Gabas da yamma kuwa ba rumfar da ke cetonsu, domin a nan rana ƙasa-ƙasa take zuwa, ta leƙo ta ƙarƙashin rumfar ta shiga har ƙuryar ɗaki. Yamma ta fi muni, saboda tana haɗuwa da lokacin da iskar waje ta kai ƙarshen zafinta.

Shiga irin benayen nan na zamani da ke fuskantar yamma, hawa na biyu ko na uku, bayan azahar a watan Afrilu. Gaban ginin gilashi ne daga ƙasa har sama. Za ka tarar an ja labule masu kauri an rufe ruf, an kunna fitilu da rana tsaka, iyakwandishan na ta gurnani, janareto na amsa masa daga ƙasa. Zura hannu bayan labulen, iskar wurin ta gasa ka. Taɓa firam ɗin almuniyam, ka janye da sauri. Ma'aikacin da teburinsa ke jikin tagar ya ja kujerarsa ya koma tsakiyar ɗaki, wani ma ya manna kwalaye da tsofaffin kalandu a jikin gilashin. An kashe kuɗi an sayi haske, an sake kashe kuɗi an toshe shi, ana kuma kashe na uku kullum don korar zafin da ya shigo da shi. Raina na ɓaci duk lokacin da na ga wannan, domin asara ce da aka gina da siminti, kuma magada ma za su gaje ta.

Lissafin ba wuya gare shi ba. Da la'asar ɗin bazara, kowane murabba'in mita na farin gilashi mai kallon yamma yana iya shigo da zafin da ya kai wat 500. Bango mai faɗin mita 4 da tsayin mita 2 da rabi murabba'in mita 10 ke nan, wato wat 5,000. Mutum a zaune yana fitar da kusan wat 100 daga jikinsa, don haka tagar nan kaɗai ta zuba wa ɗakin zafin mutum 50. Iyakwandishan mai ƙarfin doki ɗaya da rabi kuwa abin da yake iya kwashewa bai wuce wat 3,500 ba. Ko ba kowa a ɗakin, tagar ta riga ta fi ƙarfin na'urar.

Mutane da yawa sun ɗauka shuɗin gilashi ko baƙi ya raba gardama. Yana ragewa, amma ba yadda ake zato ba. Mai launi sha yake yi: ya haɗiye zafin a jikinsa, ya yi zafi, sannan ya juyo da wani kaso cikin ɗaki, ga shi kuma ya rage haske har sai an kunna fitila. Mai ƙyalli irin na madubi ya fi shi kora, sai dai abin da ya kora kan maƙwabci da mai wucewa yake zubawa. A Landan, a 2013, wani dogon bene mai lanƙwasasshen gaban gilashi a titin Fenchurch ya tattara hasken rana wuri guda har ya narkar da sassan wata mota da aka ajiye a titi. Ga kuma wani abu da ya kamata mai iyali ya sani: sirrin da gilashin madubi ke bayarwa na rana ne kawai. Da dare ya yi aka kunna fitila a ciki, sai lamarin ya juye, na waje ya ga na ciki tar, na ciki bai ga kowa ba. Tagar turawa ta almuniyam da ta kori luba ma tana da nata aibin, domin ko ka buɗe ta iya buɗewa rabin ramin kawai ke shan iska, alhali luba kusan dukan ramin take bayarwa.

Ba ina kushe gilashi ba ne, ni'ima ce babba. Shi ke tare mana ƙurar hunturu, shi ke ba ɗakin karatu da ɗakin tiyata haske ba tare da ƙuda ba. Abin nema shi ne gilashin da zai karɓi hasken gani ya mai da ɓoyayyen zafin inda ya fito. Kuma an same shi, bayan tsadar man fetur ta 1973 ta tilasta wa Turai da Amurka neman hanyar rage wutar da gine-gine ke ci. Sirrin yana cikin azurfa. A cikin wani ɗaki da aka zuƙe wa iska, ana fesa wa fuskar gilashi azurfa mai kaurin kusan nanomita 10, a killace ta tsakanin wasu siraran shafe-shafe da ke kare ta. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Sai ka jera irin wannan shafe kusan 7,000 kafin ka kai kaurin silin gashin kai. A wannan sirantaka azurfa na barin launukan gani su wuce, amma ta tare ɓoyayyen hasken ta mai da shi waje. Rariya ce ta haske, gari ya wuce, tsaki ya tsaya. Mafi ingancinsu, masu shafen azurfa uku, suna shigo da kusan kashi 60 zuwa 70 na haske, amma zafin da ke wucewa bai kai kashi 30 ba. Wa ya sanya wa azurfa wannan hali tun ranar da aka halicce ta, ya bar shi a ajiye dubban shekaru tana yawo a yatsun mutane da wuyan amare, har ranar da aka gano shi?

Kafin ɗan Adam ya yi alfahari, sai ya dubi wata 'yar tururuwa da ke cikin Sahara, wadda ake kira tururuwar azurfa saboda ƙyallinta. Ba ta fita kiwo sai da tsakar rana, lokacin da zafin rairayi ke kusantar digiri 70, ƙadangarun da ke cin ta duk sun ɓuya. Ta fito ta yi 'yan mintoci tana tsintar ƙwarin da zafi ya kashe, ta ruga ta koma rami, domin in zafin jikinta ya haura digiri 53 da 'yan kai ta mutu. A 2015 masana daga Jami'ar Columbia ta Amurka da abokan aikinsu suka wallafa abin da suka gano a jikinta. Bayanta lulluɓe yake da gashi, kowane sili mai kusurwa uku, kuma wannan siffa ce ke mai da hasken rana baya, na gani da ɓoyayyen, tana kuma taimaka wa jikin ya fitar da nasa zafin zuwa sama. Aikin da injiniyoyi suka yi shekaru suna nema da manyan na'urori, ga shi a bayan halittar da ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Ganyen darbejiyar ƙofar gidanka ma yana da rabonsa: yana shan launukan da yake buƙata don haɗa abincinsa, amma yawancin ɓoyayyen hasken ba ya sha, ya mai da wani baya ya bar wani ya wuce, ga ruwan da yake fitarwa yana sanyaya iskar da ke kewaye da shi. Tsarki ya tabbata ga wanda Ya kyautata halittar kowane abu.

Akwai kuma gilashi mai ruɓi biyu, falle biyu da 'yar tazara a tsakaninsu, a cika ta da iskar argon, wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin 100 na iskar da muke shaƙa ba. Wannan yana hana zafi bi ta jikin gilashin daga ɓangare mai zafi zuwa mai sanyi. A Jamus ko Kanada shi ne babban magani, domin damuwarsu kada ɗumin ɗaki ya tsere. Mu tamu damuwar dabam ce, kuma a nan ne kwaikwayo ba tunani ke cutarwa. In waje na digiri 38, ɗaki na 24, zafin da ke bi ta jikin falle ɗaya bai wuce wat 80 a murabba'in mita ba, ga shi rana kai tsaye na zuba 500. Wanda ya sayi ruɓi biyu marar shafen azurfa ya kafa shi yana kallon yamma, ya toshe ƙaramar ƙofa ya bar babbar a buɗe. In za a sa mai shafen a ƙasa irin tamu, a fuskar ciki ta fallen waje ake son shafen ya kasance, don a tare zafin tun bai shiga ba.

Ginin da aka riga aka yi fa? Ba sai an rushe ba. Benen Empire State na birnin New York, mai hawa 102, tun 1931 yake tsaye. A 2010 aka ciro tagoginsa 6,514 ɗaya bayan ɗaya, aka buɗe ƙaramar masana'anta a cikin ginin kansa, aka raba fallayen aka wanke, aka sa siririyar leda mai shafe a tsakaninsu, aka cika da iska mai hana zafi wucewa, aka mai da kowace inda take. Kusan duk tsohon gilashin aka sake amfani da shi. A Abu Dhabi kuwa, tagwayen benayen Al Bahar da aka gama a 2012 an yi musu riga daga waje, laimomi fiye da 1,000 a jikin kowanne, kwamfuta na buɗe su tana rufewa gwargwadon inda rana take. Daga mashrabiyya, tsohuwar tagar katako ta Larabawa, suka ɗauko dabarar. Masu kuɗin da za su iya sayen kowane irin gilashi a duniya, da suka tashi neman sanyi sai suka koma ga inuwa, kuma inuwar waje, domin labule na tare rana ne bayan ta riga ta shigo.

Mu a Zazzau ba mu da uzuri, saboda malaman wannan fanni a gabanmu suke. Magina irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina tsohon Masallacin Juma'a na birni a zamanin Sarki Abdulkarimu, sun san ranar ƙasar nan. Bangon tubali mai kauri yana shan zafin yini a hankali, ba ya isar da shi ciki sai dare ya yi sanyi, taga kuwa 'yar ƙarama ce a can sama. Da layin dogo ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ya tashi a gefen tasha, kwano da siminti da gilashi suka shigo, amma ko gine-ginen 'yan reluwe da na kamfanonin ciniki ba su yar da baranda ba. Zaga cikin Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, ka dubi tsofaffin azuzuwa da ɗakunan kwanan ɗalibai: dogayen baranda, tagogin da aka tura ciki, fikafikan kankare masu tare rana, luba a ɓangarori biyu don iska ta shiga ta fita, ga manyan itatuwa sun yi musu rumfa. Wutar lantarki na ɗaukewa a ci gaba da karatu a cikinsu. Su ma kwaikwayon halitta suka yi, ko sun sani ko ba su sani ba. Dubi idonka: an tura shi cikin rami, an yi masa rumfar ƙashi da gira a sama, an sa masa fatar da ke rufewa da gashin da ke tace ƙura, ƙwayar tsakiya kuma tana tsukewa zuwa milimita 2 a rana ta buɗe har 8 a duhu, ba tare da ka umarce ta ba. Dubi kuma gawo, wanda ke zubar da ganye da damina don dawa ta sha rana a ƙarƙashinsa, ya yi ganye da rani lokacin da mutum da dabba ke neman mafaka.

Hukuma ma ta yi magana. A 2017 Ma'aikatar Wutar Lantarki da Ayyuka da Gidaje ta Tarayya ta fitar da ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine, wadda ta ce kada taga ta wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai in an yi mata abin inuwa. Aljihu kuma ya ƙara jan kunne, domin a watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin farko zuwa naira 225 kowane yunit, fiye da ninki uku na dā, manyan makarantu da asibitoci suka ji a jikinsu. Kuma a Samarun nan akwai sashe guda na fasahar gilashi a Jami'ar Ahmadu Bello, ga sashen zanen gine-gine da ya girmi kowanne a ƙasar nan. Ina roƙon malamai da ɗaliban waɗannan sassa su sauko Sabon Gari da ma'aunansu, su zauna da masu yanka gilashi da 'yan kwangila, su nuna musu da Hausa bambancin wannan falle da wancan. Tazarar ba ta wuce kuɗin keke-napep ba.

Kai kuma Alhaji mai shirin ɗora bene a bakin titin Sakkwato ko kusa da Kwangila, kafin ka sa hannu a zanen, je filin da la'asar ka tsaya inda gaban ginin zai kalla, ka ji abin da ke dukan fuskarka. Ka sa mai zane ya mai da manyan tagogi kudu da arewa ya yi musu rumfa, ya ƙanƙanta na yamma ko ya kare su da fikafikan kankare, ka dasa darbejiya a wannan ɓangaren tun ana haƙa tushe. In ka je sayen gilashi ka tambayi lambar da ke nuna yawan zafin ranar da ke wuce shi: na gama-gari ya haura 0.8, mai kyau yana ƙasa da 0.4. In mai shagon bai san ta ba, ka ce ya tambayo wanda ya sayar masa kafin ka biya.